FILIN KIMIYYA: Awon Igiyar Da Ke Tafiya A Cikin Ƙura Mai Lantarki

A cikin watan Nuwamba na shekarar 1980 wani kumbon Amurka mai suna Voyager 1 ya gifta ta kusa da duniyar nan mai zobba, watau Zuhal, wadda Turawa ke kira Saturn, ya aiko da waɗansu hotuna da suka ɗaure wa masana kai. A bisa ɗaya daga cikin manyan zobban an ga waɗansu zane-zane masu duhu sun miƙe daga ciki zuwa waje, tamkar wayoyin da ke cikin ƙafar keke. A watan Agusta na 1981 ɗan'uwansa Voyager 2 ya bi sawunsa, shi ma ya tarad da su. Dalilin mamakin kuwa shi ne, zobban nan tarin gutsattsarin ƙanƙara ne, kowane gutsure yana zagaya duniyar shi kaɗai, na ciki kuma ya fi na waje sauri. Ƙarfin nan da ke sa dutse ya faɗo ƙasa ba shi da yadda zai yi ya ja layi a miƙe ya ratsa irin wannan taro. Lalle da wani hannu a ciki.

A shekarar 1983 masana biyu, Christoph Goertz da Gregor Morfill, suka kawo bayani cewa ƙura ce mai tsananin laushi ta kwashi cajin lantarki, cajin kuma ya ɗaga ta sama da sauran zoben. Tun daga wannan zamani hankalin masana ya komo sosai ga wani fanni da a ke kira ilmin filasma mai ƙura. A wannan mako Filin Kimiyya zai duba reshe guda na fannin, watau yadda a ke auna igiyoyin da ke tafiya a cikin irin wannan ƙura, da dalilin da ya sa hoton da aka ɗauka ta fuska ɗaya bai isa a dogara da shi ba.

MENE NE FILASMA?

Kowa ya san ruwa yana da hali uku. In ya yi sanyi ƙwarai ya daskare, in ya sami ɗumi ya narke, in aka tafasa shi ya zama tururi. To, akwai hali na huɗu. Kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwaya kuma tana da cibiya mai nauyi, da waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa marasa nauyi da ke kewaye da ita, sunansu ilektiron. Caji iri biyu ne, kamar yadda batir ke da kai biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Cibiyar tana ɗauke da cajin tarawa, ilektiron kuma na ɗebewa. Masu caji iri ɗaya suna ture juna, masu caji dabam suna jan juna. Idan aka dumama iska da zafi mai tsanani, ko aka ratsa ta da wutar lantarki mai ƙarfi, sai waɗansu ilektiron su tsinke su kama gabansu, a bar ƙwayar da rarar cajin tarawa. Ƙwayar da ta yi irin wannan rashi ita a ke kira ayon. Iskar da ta cika da ayon da ilektiron suna kai da kawowa ita ce filasma.

Wani Ba'amurke masani, Irving Langmuir, shi ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1928. Mai karatu ya sha ganinta ko da bai san sunanta ba. Walƙiya filasma ce, haka hasken nan mai kashe ido da ke fita a bakin sandar mai walda, haka abin da ke cikin dogon ƙwan fitilar nan mai farin haske. Rana da taurari su ma filasma ne, har masana suka ƙiyasta cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na abin da a ke iya gani a sararin samaniya yana cikin wannan hali.

IDAN ƘURA TA SHIGA

Duk wanda ya taɓa yaye bargo cikin duhu a lokacin hunturu ya ga tartsatsi, ko ya taɓa ƙofar mota ya ji ta cake shi, ya san ƙaramin abu na iya tara caji a jikinsa. Wancan daga gogayya ya ke samuwa. A cikin filasma kuwa ƙwayar ƙura tana samun nata cajin ta hanyar ruwan duka. Ayon da ilektiron duka suna faɗa mata ta ko'ina, amma da ya ke ilektiron sun fi sauri nesa ba kusa ba, su su ke fin yawa a jikinta. Ƙwaya guda mai kaurin 'yan maikiromita kaɗan ta kan ɗauki ilektiron dubbai, wani lokaci har dubu goma ko fiye. Maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma gashin kan mutum ya kan kai kaurin maikiromita 50 zuwa 100.

Ba masu duban sama kaɗai abin ya dama ba. A masana'antun da a ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta wayar hannu, da filasma a ke sassaƙa ƙananan hanyoyin lantarki a kan faifan silikon. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta toshe hanya ta lalata aiki, saboda haka a kan kashe dukiya mai yawa wajen tsabtace ɗakunan, amma duk da haka faya-fayai suna ta fitowa da tabo. A shekarar 1989 Gary Selwyn da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka haska hasken leza a cikin tukunyar da a ke wannan aiki, sai ga gajimaren ƙura yana reto a bisa faifan. Ashe ɓarawon a cikin gida ya ke. Ƙurar tana iya tsirowa a cikin filasmar kanta, cajinta ya riƙe ta a sama, da an kashe wuta kuma sai ta zubo a kan faifan.

Wannan ya nuna wa masana cewa za a iya rataye ƙura a cikin ɗakin bincike a yi nazarinta a tsanake. A kan sami tukunyar ƙarfe mai tagogin gilashi, a zuƙe kusan dukan iskar da ke ciki, a saka 'yar iskar argon, a kunna lantarki tsakanin faranti biyu, sa'an nan a barbaɗa ƙura. Yawanci ƙananan ƙwallayen roba ne da aka ƙera girmansu ɗaya. A shekarar 1994 ƙungiyoyin masana a Jamus da Taiwan da Japan, kowace a wurinta, suka ga ƙwayoyin nan sun jeru sahu-sahu da tazara daidai wa daida, kamar yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa a cikin gishiri, abin da Hiroyuki Ikezi ya riga ya hango ta hanyar lissafi tun 1986.

IGIYA MAI TAFIYAR HAWAINIYA

Idan iska ta kaɗa a gonar shinkafa, a kan ga kawunan suna sunkuyawa suna miƙewa, motsin yana ratsa gonar daga wannan gefe zuwa wancan, alhali ko kara ɗaya bai bar gurbinsa ba. Abin da a ke nufi da igiya ke nan. Motsi ne ke tafiya, abin da ke ɗauke da shi kuwa yana 'yar kai da kawowa a inda ya ke. Sauti ma igiya ce. Idan aka buga ganga, fatar ta kan matse iskar da ke gabanta, wannan ta matse ta gaba, sai matsi da sakewa su yi ta bin juna har kunne, da saurin kimanin mita 340 a kowace daƙiƙa.

A shekarar 1990 masana uku, N. N. Rao da Padma Kant Shukla da M. Y. Yu, suka nuna ta lissafi cewa ƙura mai caji za ta iya ɗaukar irin nata sautin. Idan ƙurar ta cunkushe a wuri guda, cajinta da matsin ilektiron da ayon da ke kewaye da ita za su tura ta waje. Amma ƙwayar ƙura ta fi ayon nauyi fiye da sau biliyan, don haka ba ta motsawa da wuri, in ta motsa kuma ba ta tsayawa da wuri, sai ta zarce ta je ta cunkushe maƙwabtanta. Saboda wannan nauyi, igiyar za ta yi tafiya a hankali ƙwarai.

Bayan shekara biyar, a 1995, Barkan da Robert Merlino da Nicola D'Angelo na Jami'ar Iowa ta Amurka suka gan ta ƙiri-ƙiri. Sun yi amfani da garin farar ƙasar nan da a ke yin tangaran da ita, suka haska ta, suka ɗauki hotonta da kyamarar bidiyo. Sai ga layuka masu haske da masu duhu suna bin juna. Daga tudun igiya zuwa tudu na gaba kimanin milimita 6 ne, kuma tudu 15 ne ke wuce wuri guda a kowace daƙiƙa. In aka ninka 6 sau 15 za a sami milimita 90, watau igiyar tana cin santimita 9 kacal a daƙiƙa. Sautin da ke cikin iska ya fi ta sauri kusan sau 3,800. Kunnen mutum ba ya jin abin da bugunsa ya gaza 20 a daƙiƙa, saboda haka wannan sauti ne da a ke gani, ba a ji.

A nan ne darajar fannin ta ke. Babu kyamarar da za ta bi ƙwayar iska guda yayin da sautin ganga ke ratsa ta, ko ƙwayar ruwa guda a cikin taguwar teku. A cikin filasma mai ƙura kuwa ana ganin igiyar, ana kuma ganin kowace ƙwaya da ke ɗauke da ita. Abin da aka daɗe ana faɗa ta lissafi game da igiyoyi, a nan za a iya sa shi a ma'auni.

Igiyar ta kan tashi da kanta, amma ruwa ba ya tsami banza. A cikin tukunyar akwai ayon da ke kwarara ta fuska guda, suna gogar ƙurar suna ba ta ƙarfi, kamar yadda iska ke tayar da taguwa a kan tabki. Sauran iskar argon kuwa tana yi wa ƙurar birki. Muddin iskar tana da yawa, gajimaren ya kan zauna lafiya. Da zarar an rage ta ta gaza wani mizani, sai turin ayon ya rinjayi birkin, igiya ta barke.

INDA HOTO KE RUƊIN MAI KALLO

Hanyar da aka saba bi wajen ganin ƙurar tana kama da abin da ke faruwa idan hasken rana ya shigo ɗaki ta hudar kwano, ya tona ƙurar da ke yawo. A kan baje hasken leza ya zama shimfiɗaɗɗe siriri kamar takarda, a ratsa gajimaren da shi, kyamara kuma ta ɗauki abin da hasken ya taɓa. Hoton ya kan fito tas, amma yanki ɗaya ne rak na gajimaren. Yana da tsawo da faɗi, ba shi da zurfi.

Ga inda matsalar ta ke. A ɗauka manomi yana son ya san tazarar da ke tsakanin kunyoyin gonarsa. In ya ratsa su kai tsaye zai sami awo na gaskiya. In kuwa ya ratsa su a karkace, tazarar za ta fi tsawo a ƙafarsa, har in karkatar ta kai digiri 60 zai sami ninki biyu na ainihin awon. In ya bi tsawon kwarin kunya kuma, zai rantse gonar ba ta da kunya ko ɗaya. Haka takardar hasken nan ta ke. Idan igiyar ba ta bi shimfiɗar hasken daidai ba, tsawon da za a auna zai zarce na gaskiya, saurin da za a lissafa shi ma ya zarce. Masani kuwa daga saurin igiya ya kan lissafa yawan cajin da ƙurar ke ɗauke da shi, don haka kuskure ɗaya sai ya haifi wani. Wannan tsoro yana da tushe, gama a shekarar 2006 Alexander Piel da abokan aikinsa na Jami'ar Kiel ta Jamus sun ba da rahoton igiyoyin ƙura da ke tafiya a karkace, ba su bin hanyar da ayon ke kwarara.

Har wa yau, ƙwayar da a ke bi ta kan fice daga cikin siririn hasken ta ɓace, wata ta shigo ta maye gurbinta, a ɗauka ita ce. Wadda kuma ta nufo kyamara gadan-gadan sai a gan ta kamar a tsaye ta ke. Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aiki ƙima ba ta wadatarwa, sai an kawo mudun.

GUDUN NAUYI

Kafin a auna zurfi, sai an sami gajimare mai zurfin. A doron ƙasa nauyi ya kan ja ƙurar ta sauko kusa da farantin ƙasa, inda ƙarfin lantarki ya isa ya tallafe ta, sai ta baje ta zama 'yar shimfiɗa. Akwai dabarun rage wannan. A Kiel, a shekarar 2004, an dumama farantin ƙasa domin iskar ta riƙa tura ƙurar sama, aka sami ƙwayoyin sun dunƙule kamar albasa, ɓawo a cikin ɓawo. Amma babban gajimare sai inda nauyi ya kau.

Saboda haka a kan ɗora na'urorin a wani jirgin sama na musamman da ke tashi daga Bordeaux ta ƙasar Faransa. Matuƙan su kan cilla shi sama su bar shi ya bi hanyar da jifa ke bi, sai duk abin da ke ciki ya rasa nauyi na kimanin daƙiƙa 22. A kan maimaita haka wajen sau 30 a tashi guda. Wanda ke son lokaci mai tsawo kuwa sai ya nufi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. A farkon shekarar 2001 aka fara gwajin haɗin gwiwar Jamus da Rasha mai suna PKE-Nefedov a can, kuma ɗan sama jannatin Rasha Sergei Krikalev yana cikin waɗanda suka gudanar da shi. Na'urar PK-3 Plus ta gaje shi daga 2006 zuwa 2013, sa'an nan aka kai PK-4 a 2014. A irin waɗannan gwaje-gwaje ƙurar ta kan cika tukunyar, sau da yawa ta bar wani rami fayau a tsakiya inda ayon suka kore ta, igiyoyi kuma su riƙa fita daga wajen ramin suna nufar gefe. Abu mai irin wannan siffa ba a gane shi da yanki ɗaya.

DABARUN GANO ZURFI

Dabara mafi sauƙi ita ce a riƙa matsar da takardar hasken daga gaba zuwa baya, ana ɗaukar hoto a kowane mataki, daga baya kwamfuta ta jera su kamar yankakken burodi. Tun cikin shekarun 1990 a ke yin haka, kuma tana da kyau ga ƙurar da ke zaune wuri ɗaya. Amma igiya ba ta jira. Kafin a kai yanki na ƙarshe, na farko ya riga ya sāke.

Dabara ta biyu daga idon mutum aka koye ta. Idan mai karatu ya miƙa yatsa a gabansa, ya rufe ido ɗaya, sa'an nan ya buɗe shi ya rufe ɗayan, zai ga yatsan ya yi tsalle. Abin da ke kusa ya fi na nesa tsalle, kuma da wannan bambanci ƙwaƙwalwa ke gane nisa. Charles Wheatstone na Ingila ya bayyana haka tun 1838. A ɗakin bincike a kan haska wani sashe na gajimaren gaba ɗaya, a kafa kyamara uku ko huɗu suna dubansa ta kusurwa dabam-dabam, duka suna ɗauka a lokaci guda. Kowace kyamara tana cewa ƙwayar tana wani wuri a kan wani miƙaƙƙen layi da ya taso daga gare ta. Inda layukan suka haɗu, nan ƙwayar ta ke. Dalilin ƙara ta uku da ta huɗu shi ne, in ƙura ta yi yawa, layukan kyamara biyu su kan haɗu bisa katari a wurin da babu komai, kwamfuta ta ƙirƙiri ƙwayar ƙarya. Shaida ta uku ita ke tona ta.

Aikin yana da wuyar sha'ani. Kafin a fara, sai an nuna wa kyamarorin wani allo mai ɗige-ɗige da aka san tazararsu, domin a san matsayin kowace daidai, kuma in girgizar jirgi ta gusar da ɗaya ko da kaurin gashi ne, lissafi ya ɓaci. Dole kuma su yi saurin ɗauka. Masu kallon sinima sun san yadda ƙafar mota mai gudu ta kan zama kamar tana juyawa da baya, domin kyamara ba ta kamo saurinta ba. Igiya ma haka za ta yi, shi ya sa a kan ɗauki hotuna da yawa a cikin kowane bugu nata. A Jami'ar Greifswald ta Jamus, ƙungiyar André Melzer ta ƙware a wannan hanya. Da cunkoso ya hana su rarrabe ƙwayoyi, a shekarar 2012 Michael Himpel da abokansa suka gauraya 'yan ƙwayoyi kaɗan da aka rina da wani sinadari mai mayar da hasken leza wani launi dabam, suka sa wa kyamarorin gilashin da ke barin wannan launi kaɗai ya wuce. Kamar dai mai tumaki ne ya shafa wa 'yan kaɗan shuni, domin ya iya binsu da ido a tsakiyar garke.

Dabara ta uku ba ta bin ƙwaya ɗaya-ɗaya. A kan ɗauki hoto biyu a jere da ɗan taƙin lokaci tsakaninsu, a rarraba su gida-gida, kwamfuta ta duba inda ƙurar kowane gida ta gusa. Edward Thomas na Jami'ar Auburn ta Amurka shi ya shigo da ita wannan fanni a 1999, a 2004 kuma shi da abokansa suka yi ta da kyamara biyu, suka iya auna har motsin da ke ratsa takardar hasken. A 2011 Jeremiah Williams na Jami'ar Wittenberg ya kai ta mataki na gaba, inda kwamfuta ke haɗa hotunan kyamarori da yawa ta sāke gina gajimaren da cikinsa duka, bisa irin hikimar na'urar asibiti da ke ɗaukar hoton cikin jiki ta kusurwa da yawa. Wannan hanya ba ta tsoron cunkoso, sai dai labarin garke ta ke bayarwa, ba ta san abin da tunkiya guda ta yi ba.

Akwai kuma masu neman zurfi da kyamara ɗaya. A 2008 masanan Kiel suka jarraba hologiram, hikimar da ta sa aka ba Dennis Gabor lambar Nobel a 1971. A kan harba leza ta ratsa ƙurar ta faɗa kan idon kyamara kai tsaye, kowace ƙwaya ta zana zobba a cikin zobba kamar an jefa tsakuwa a rijiya, daga faɗin zobban kuma a lissafa nisanta. A 2013 Péter Hartmann da abokansa a Budapest ta ƙasar Hangari suka yi amfani da kyamara mai dubban ƙananan tabarau a gaban idonta, wadda ke rubuta har fuskar da haske ya fito. Amfaninsu shi ne taga ɗaya ta ishe su, abin da ke da muhimmanci inda wuri ya yi ƙunci. Rauninsu kuwa, awon zurfi bai kai na tsawo da faɗi kyau ba, kuma ƙura mai yawa tana rikita su.

ABIN DA AWON YA NUNA

A shekarar 2014 masanan Greifswald suka ba da sakamakon awon da suka yi a cikin jirgin nan, inda suka bi ƙwayoyi ɗaya-ɗaya ta fuska uku yayin da igiya ke ratsa su, suka auna saurinsu a kowane mataki na igiyar. Tudu in ya iso ya kan ingiza ƙwaya gaba, in ya wuce ta komo baya, kuma yanzu ana iya gwada girman wannan kai da kawowa da abin da lissafi ya ce. Tun a 2010 kuma masanan Kiel sun gano cewa babban gajimare ba ya bugawa da murya ɗaya. Ya kan rabu unguwa-unguwa, kowace da yawan bugunta, a kan iyakokinsu kuma tudun igiya ya kan tsage biyu ko biyu su haɗe.

A Taiwan, ƙungiyar Lin I ta bi diddigin abin da ke faruwa idan igiya ta yi ƙarfi har ta rikice. Sun ga tana murɗewa kamar igiyar da a ke tufkawa, tana zagaya wani siririn wuri da babu motsi. A 2016 kuma suka nuna yadda wani ƙaton tudu ke tashi ba zato, idan gaban igiya ya lanƙwashe ya tattaro ƙura daga ko'ina ya tara ta a wuri guda. Matuƙan jiragen ruwa sun daɗe suna ba da labarin irin wannan taguwa a teku ana ƙaryata su, sai ran 1 ga Janairu 1995 da na'ura ta auna wata mai tsayin kusan mita 26 a dandalin Draupner a Tekun Arewa. Ruwan teku da ƙura ba ɗaya ba ne, amma tambayar guda ce, watau ta yaya ƙarfin da ke warwatse ke taruwa a wuri ɗaya cikin ƙiftawar ido. A tukunyar ƙura ana iya maimaita abin sau ɗari ba tare da an yi hasarar jirgi ko rai ba.

INA AMFANIN WANNAN WAHALA?

Masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta har yanzu suna yaƙi da ƙura, kuma yayin da hanyoyin da su ke sassaƙawa ke ƙara sirancewa, ƙwayar da a da ba a kula da ita yanzu ta isa ta yi ɓarna. A Cadarache da ke kudancin Faransa ana gina babbar na'urar ITER, wadda za ta jarraba samar da ƙarfi ta irin hanyar da rana ke bi. Filasmarta mai tsananin zafi za ta riƙa cin bangon tukunyar tana haifar da ƙurar ƙarfe, ƙurar kuma tana iya sanyaya filasmar, tana iya riƙe makamashin da ke da haɗari ga lafiya, saboda haka sai an san inda ta ke zuwa. A duniyar wata ma, 'yan sama jannatin Apollo 17 sun sha fama da ƙura a watan Disamba na 1972. Ta manne wa tufafinsu, ta karce na'urorinsu, ta sa Harrison Schmitt atishawa da toshewar hanci. Hasken rana da filasmar da ke kwararowa daga gare ta suna sa wa ƙurar wata caji, kuma duk mai shirin komawa can dole ya yi shirin zama da ita.

Babu mai iya kafa kyamara huɗu a kewayen zoben Zuhal, ko a cikin wutar ITER. A waɗannan wurare da lissafi za a dogara, lissafin kuwa ba a amince masa sai ya ci jarrabawa a inda a ke iya duba amsarsa. Tukunyar ƙura ita ce ɗakin jarrabawar, kuma muddin awon da a ke yi a cikinta na yanki ɗaya ne, ana iya kayar da lissafi mai gaskiya ko a ɗaga na kuskure. Wannan shi ya sa masana ke ɗaukar shekaru suna daidaita kyamarori saboda gajimaren da bai wuce tafin hannu ba.